Yadda ake fassara kalmomin "yaro" na yankunan Sifaniyanci zuwa Turanci

Wanda ya koyi Sifaniyanci a aji kalma ɗaya ya sani ta yaro: niño, mace kuma niña. Ranar da aka miƙo masa aikin fassara na gaske, labari ne ko rubutun da ke fitowa a ƙasan fim, sai ya tarar mutanen ciki ba su cika furta ta ba. Ɗan Meziko chamaco yake cewa, ɗan Ajantina pibe, a Gwatamala patojo, a Peru chibolo, a Benezuwela chamo. Ƙasashe kimanin 20 ne ke aiki da harshen a hukumance, kowace da irin bakinta. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba, tunda wadda Bakano ke kira 'ya, Basakkwace ɗiya yake ce mata.

Mataki na farko: gano ƙasar mai magana kafin ka buɗe ƙamus. Kada ka raina wannan, don nan ake kwasar kunya. A Chile da Ekwado da Bolibiya guagua jariri ne, kalmar daga harshen Kechuwa ta fito. A Kyuba da tsibiran Kanariya kuwa guagua motar bas ce. Mace ta ce tana jiran guagua, a Santiyago ta Chile ƙila haihuwa take jira, a Habana ta Kyuba tana bakin titi ne. Haka cipote: a El Salbado da Honduras yaro ne kawai, uwa na kiran ɗanta da ita, amma a Sifen kalmar batsa ce. Chango a Bolibiya da arewacin Ajantina yaro, a Meziko biri. A Bogota ta Kolombiya idan aka ce chino, sau da yawa ba ɗan ƙasar Sin ake nufi ba, yaron gida ne. Ƙamus ɗin da ke taimakawa a nan shi ne Diccionario de americanismos, wanda ƙungiyar cibiyoyin harshen Sifaniyanci ta fitar a 2010, domin yana nuna ƙasar da ake amfani da kowace ma'ana. Akwai shi a intanet kyauta.

Mataki na biyu: ƙiyasta shekaru. Ba duk "yaro" ne yaro ba. Crío a Sifen ƙaramin yaro ne, chaval kuwa ya kai saurayi. Pibe tana ɗaukar ɗan shekara 6, tana kuma ɗaukar mai gemu. Ai Maradona har ya mutu a 2020 ana kiransa El Pibe de Oro, wanda ake mayarwa the Golden Boy. Chamo a bakin samari biyu ’yan Karakas ba kid ba ce, ta fi kusa da dude ko mate, kamar yadda magidanci a wajenmu zai ce wa abokinsa "kai yaro" cikin raha.

Mataki na uku shi ne zuciyar aikin: auna zafin kalmar. Ɗauki escuincle ta Meziko. Asalinta itzcuintli ce a harshen Nahuwatal na mutanen Aztek, ma'anarta kare. Maƙwabcin da aka fasa wa gilashin taga da ƙwallo, in ya daka tsawa ya ce escuincle, brat yake nufi. Kakar da jikanta ya sace mata alewa, tana dariya tana faɗin kalmar nan dai, little rascal take nufi. Ka tuna yadda muke yi da "ja'iri": a bakin kaka wasa ne, a bakin wanda aka yi wa ɓarna zagi ne. Mocoso ma haka, wato mai majina, daga moco. Idan raini ake nufi, snot-nosed kid ta dace; idan faɗa ne na gida, brat ta isa. Ƙamus ba zai gaya maka wannan ba. Dubi wanda ke magana, da wanda ake yi wa, da abin da ya faru a layin da ya gabata. A ganina gara ka kuskure shekarun yaron da ka kuskure zafin, domin mai karatu zai yafe maka in ka ƙara wa yaro shekara biyu, amma in ka mayar da kaka mai wasa mazagiya, ka canza masa mutum.

Mataki na huɗu: zaɓi Turancin da za ka rubuta, na Amurka ko na Ingila, ka tsaya a kansa. Kid tana shiga ko'ina. Kiddo da young'un sun fi jin Amurka, lad da nipper na Birtaniya ne. Akwai wani abin ban sha'awa: kid asalinta ɗan akuya ne, cabro ta Chile ma bunsuru ce, saboda haka cabro chico da little kid sun haɗu kamar an auna. Amma irin wannan dace ba kullum ba.

Ga tarkon da ke kama masu ƙwazo. Mai fassara ya ga gurí, kalmar Yurugwai mai ƙamshin karkara, sai ya ce bari ya nemo mata ta yanki a Turanci, ya ɗauko bairn ta Sikotilan. Shi ke nan, ya kwashe yaron daga bakin kogin Yurugwai ya kai shi Edinbara. Pikin ta Turancin buroka, wadda ta samo asali daga kalmar Fotugis mai nufin ƙarami, ita ma Legas ko Warri za ta kai shi. Ka bar kalmar ta zama kid ko boy, ka sa ƙamshin wurin a sauran jimlar, a abincin da ake ci da sunayen garuruwa.

Mataki na biyar: duba jinsi. Piba da chamaca da gurisa duk mata ne, kid kuwa ba ta nuna komai. In jinsin na da muhimmanci a labarin, sa girl, ko ka bar her ta fito nan kusa.

Wani lokaci barin kalmar yadda take ya fi. A littafin labari, idan dattijo na kiran jarumin pibe daga farko har ƙarshe kamar laƙabi, bar ta, ka gina jimlar farko yadda mai karatu zai gane ba tare da bayani ba. A rubutun ƙasan fim babu wannan sarari, layi biyu ne kuma daƙiƙu kaɗan, sai kid.

Na ƙarshe, karanta Turancin da ƙarfi ka ji ko uwa za ta iya faɗinsa a fusace ko cikin wasa. Sannan ka tura wa ɗan asalin ƙasar jimlar Sifaniyancin ɗungurungum, ba kalmar ita kaɗai ba, ka tambaye shi abu biyu: shekarun yaron nan nawa, kuma mai maganar fushi yake yi ko dariya?