Kurakuran da mutanenmu ke yi wajen sayen tikitin wuraren wasa a Dubai da Abu Dhabi

Duk hutun makaranta sai wani daga Birnin Kebbi ko Jega ya kira ni, wai zai kai iyali Dubai, ya ga tikitin wuraren wasa uku ko huɗu a haɗe da rangwame, in duba masa. Yawanci kafin ya kira ya riga ya biya. Na gaji da nanata magana ɗaya.

Babban kuskuren shi ne sayen kwanakin da ba za a samu damar shiga ba. Gaskiya ne tikitin haɗe ya fi sauƙi in aka raba kuɗin rana-rana. A tsibirin Yas na Abu Dhabi akwai Ferrari World, Warner Bros. World, Yas Waterworld, da SeaWorld wanda aka buɗe a 2023, kuma ana sayar da tikiti guda na wurare biyu, uku ko duka huɗun. Amma sauƙin ba ya tabbata sai an shiga duka. Tikitin yana da wa'adi, da zarar an shiga wurin farko kwanaki sun fara tafiya. Alhaji kuwa ya zo da jerin kayan da zai saro a Deira, Hajiya tana son kasuwar zinariya, ga sallar Juma'a, ga tafiyar wajen awa guda ko fiye a mota daga Dubai zuwa Yas. Rana ta biyu yara sun yi laushi, ƙaramar tana barci a kafaɗar uwarta tun azahar, takalminta ɗaya a hannun yayanta. Rana ta uku ba mai iya tashi. Haba Alhaji, ka biya huɗu ka shiga biyu, ina rangwamen? Ni dai nakan ware ranakun da babu kasuwa babu jirgi, in cire ɗaya ta hutawa, abin da ya rage shi nake saye.

Na biyu shi ya fi ƙona mini rai, don ya taɓa cin kuɗina: ragowar tikiti daga hannun dillali. Wani ya tallata a WhatsApp cewa mai shi ya yi amfani da rabi, sauran kwanakin rabin kuɗi. Muka isa ƙofa, na'ura ta ƙi karɓa, layi ya taru a bayanmu, yara suna kallona. Dole na sayi sabo nan take a farashin ƙofa, wanda galibi ya fi na intanet tsada, dillalin kuma wayarsa a kashe. Irin wannan tikiti da zarar an fara amfani da shi ya zama na mutum ɗaya. A Disney World ta Amurka har yatsa ake ɗorawa a na'ura saboda haka. Ku saya a shafin wurin da kansa, ko a hannun kamfanin tafiye-tafiye da kuka san ofishinsa. Arha ba ta ado.

Kada a biya kafin biza ta fito, yawancin tikitin rangwame ba a mayar da kuɗinsu.

A auna tsayin yara tun daga gida. Manyan lilo da tsayi ake shigarsu, kuma Legoland ta Dubai an gina ta ne don 'yan shekara 2 zuwa 12. Saurayi ɗan 16 zai yini yana hamma.

Sai zafi. Daga Yuni zuwa Satumba yakan haura digiri 40, da gumi mai nauyi wanda namu na Kebbi bai san shi ba. Ferrari World da Warner Bros. a cikin rufaffen gini suke mai na'urar sanyaya wuri, su za a fifita a lokacin. Tun 2022 hutun ƙarshen mako a can Asabar da Lahadi ne, don haka ni Litinin zuwa Alhamis nake shiga, layi ya fi gajarta. Dirhami kuma a ɗaure yake da dala, kusan 3.67 a kan dala ɗaya, saboda haka a yi lissafi da canjin ranar biya, kuma a tambayi banki iyakar abin da katin naira zai iya biya a waje kafin a zauna gaban waya.