Kurakuran da masu tafiya da kayan gwajin korona suke yi a jirgin ruwan yawon shaƙatawa

Jama'a duk wanda Allah ya hore masa zai shiga irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, ko daga Jidda zai tashi ko Dubai ko Durban ko Basalona ko Miami, dan Allah ya jefa kayan gwajin korona na gida a jakarsa kafin ya fita. Yanzu da wuya wani ya tambaye ka takardar gwaji a bakin ƙofa, hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta rufe shirinta na sa ido kan korona a jiragen nan tun Yulin 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya WHO ma ta janye matakin gaggawa na duniya a Mayun 2023. Amma cutar tana nan tana yawo, kuma jirgin ruwa unguwa ce guda a rufe, mutum dubu uku dubu biyar suna cin abinci wuri ɗaya suna shiga lif ɗaya suna shaƙar iska ɗaya har sati ko fiye. Wanda ya tuna jirgin ruwan Diamond Princess da aka tsare a Yokohama ta Japan a Fabrairun 2020 ya san abin da nake nufi, mutum 3,711 ne a ciki, 712 suka kamu.

Toh matsalar ita ce da yawa suna ɗaukar kayan, amma yadda suke ajiye shi da yadda suke amfani da shi gara ma basu ɗauka ba, domin gwajin da ya yi maka ƙarya ya fi rashin gwaji illa.

Abin yana farawa ne tun daga wurin saye. Mutum sai ya buɗe durowa ya zaro ragowar kwalin da ya saya tun lokacin kulle, ko ya shiga kemis a miƙo masa wanda ya daɗe a kan kanta, bai duba kwanan watan lalacewa ba. Kusan duk irin waɗannan kayan an rubuta a jikin kwalin a ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 30, mu kuwa a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu ana haura 40, shagon da ba wuta ba fanka kwalin yana zaune cikin zafin nan wata da watanni. Saboda haka ka saya a babban kemis mai sanyi, ka duba lambar NAFDAC idan a Najeriya kake, ka duba kwanan wata, ka tabbata ledar da aka liƙe faifan gwajin a ciki bata huje ba. Ka ɗaga ƴar kwalbar ruwan ka kalla, idan ruwan ya ragu sosai ko ya ƙafe ajiye shi kawai, kuma kada ka ce zaka ƙara ruwan famfo ko na roba, yin haka yana iya fito maka da layin ƙarya. Waɗanda ke zaune a Amurka su sani hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta ƙara wa wasu samfuran wa'adi fiye da abin da ke jikin kwali, akwai jerin a shafinta, sai ka duba lambar kwalinka kafin ka yar.

Sai wurin shirya kaya. Yawanci a babban akwati ake cusa shi, wanda bai taɓa shiga ba kuma bai san cewa ranar shiga jirgi tun a bakin tasha ƴan dako ke karɓar manyan akwatuna ba, sai bayan awanni wani lokacin har dare za a kawo maka ƙofar ɗaki. Duk tsawon lokacin nan akwatin yana iya zama a rana, ranar Jidda ko ta Dubai kuwa ba sai an yi maka bayani ba. Ka sa shi a jakar hannu tare da fasfo da magungunanka. Kada ka ji tsoron masu bincike a filin jirgin sama, ruwan ciki ɗigo kaɗan ne bai kusa kai mililita 100 da aka iyakance ba. Idan ka shiga ɗaki ka sa shi a durowa, banda jikin taga banda baranda, kuma ba sai ka sa a firij ba. In ka ga ya sha zafi ko sanyi a hanya bar shi a rufe cikin ɗaki kamar awa biyu ya daidaita kafin ka buɗe.

Yawan da ake ɗauka ma kuskure ne. Guda ɗaya, ko guda ɗaiɗai kowa, shikenan an gama. Shi wannan gwajin na gida sai ƙwayar cutar ta taru da yawa a hanci yake ganinta, ranar farko da maƙogwaro ya fara maka ƙaiƙayi yana iya cewa ba komai alhali akwai. Shawarar da FDA ta bayar tun 2022 ita ce idan kana da alamomi kuma ya nuna babu, ka sake bayan awa 48, idan kuma baka da alama amma ka zauna da wanda ya kamu, sau uku ne, kowanne da tazarar awa 48. Kaga kenan mutum ɗaya yana buƙatar biyu zuwa uku, mata da miji da yara biyu kuwa sai ka lissafa, domin a ɗaki ɗaya idan ɗaya ya kamu kowa sai ya gwada. Ni a ganina uku uku kowane mutum shi ne daidai, basu da nauyi, kana iya cire su daga manyan kwalayen don su rage cin wuri amma ka bar takardar bayanin tare da su, kuma kar ka haɗa kayan kamfani biyu a leda ɗaya, tsinken wannan da ruwan wancan basa aiki tare.

Akwai kuma masu gaggawa, jiya da daddare wani ya yi ta tari kusa da su a wurin cin abinci, yau da asuba sun fasa kwali. Asara ce kawai, ba abin da zai nuna. Idan jikinka lafiya lau ka jira kwana biyar bayan haɗuwar, idan alama ta fito kafin nan sai ka gwada nan take. Wanda ya fi amfani ma shi ne wanda zaka yi a gida kwana ɗaya kafin tafiya in kana jin jikinka wani iri, musamman masu haɗa Umara da yawon Bahar Maliya, kowa ya san murar da ake kwasowa a Harami, toh kafin ka ɗauke ta ka shiga da ita cikin dubban mutane gara ka san mece ce.

Wurin yin gwajin kansa, nan ne ake yawan ɓata abu saboda ana ganin ai an saba. Kowane kamfani da nasa tsarin, wani ɗigo uku wani huɗu wani shida, wani sau biyar zaka juya tsinken a kowace kafar hanci wani daƙiƙa 15, saboda haka karanta takardar ko da ka yi irinsa a baya. Ka wanke hannu, ka fyace hanci in takardar ta ce haka, ka juya audugar ta gogi bangon hancin sosai, ba ka ɗan taɓa bakin hanci ka zare ba saboda tsoron atishawa. Ka ɗora faifan a kan tebur shimfiɗaɗɗe, ba kan gado ba, in teku na kaɗawa ka tokare shi kada ya zame. Ka sa agogon waya. Yawancinsu minti 15 ne ake dubawa kuma bayan minti 30 sakamakon ya tashi aiki, mutum sai ya yi gwaji ya tafi cin abincin dare ya dawo bayan awa biyu ya ga wani siririn layi ya ɗaga hankalin iyalinsa a banza, ko kuma ya duba a minti biyar ya ga ba komai ya jefar. Fitilar ɗakunan jirgi bata da haske sosai, musamman ɗakunan ciki marasa taga, ka kunna tocilan waya ko ka shiga banɗaki ka duba. Layin da ke gefen harafin C a jikin faifan dole ya fito, in bai fito ba gwajin ya lalace sai sabo. Layin da ke gefen harafin T kuma komai dusashewarsa in dai ya fito cikin lokaci, ka kamu, babu wani wai ai kaɗan ne.

Yanzu ga wanda ya fi damuna. Mutum yana zazzaɓi, ya gwada ya nuna babu korona, sai ya ce alhamdulillahi ya sha farasitamol ya koma cikin mutane. Kwalin nan abu ɗaya kawai ya sani. Bai san mura mai tsanani ta infuluwenza ba, sai dai in ka sayi irin haɗaɗɗen nan mai gwada korona da infuluwenza A da B lokaci guda, wanda in ka samu shi ya fi. Bai san norobairos ba, mai sa amai da gudawa, wadda ita ce ta fi yawan ɓarkewa a jiragen nan, har CDC tana wallafa sunan jirgin da ke zuwa tashoshin Amurka idan kashi 3 cikin ɗari na fasinjoji ko ma'aikata suka kai rahoton ciwon ciki. Ita wannan sanitaiza ma bata cika kashe ta ba, sai sabulu da ruwa.

Mu kuma da muka taso daga ƙasar sauro akwai namu na daban, maleriya. Sauro ya cije ka a Kaduna ko Zinder ko Kumasi, alamun suna iya ɗaukar kwana 7 zuwa 30 kafin su fito, wato kana tsakiyar teku zazzaɓin zai kama ka, ciwon kai da sanyi da ciwon gaɓoɓi duk iri ɗaya da na korona. Likitan jirgi ya saba da Turawa masu mura da masu jiri, ba lallai tunaninsa ya je kan maleriya ba sai ka faɗa masa da bakinka cewa daga Afirka ta Yamma ka zo kwanan nan. Irin maleriyar da ta fi yawa a wajenmu tana iya tsananta cikin kwana ɗaya in ba a yi magani ba, kuma ta fi haɗari ga yara da masu ciki da ƴan uwanmu mazauna Ingila ko Amurka da suka zo gida hutu sannan suka wuce yawon, domin jikinsu ya daina sabawa da ita. Wallahi ba abin wasa bane, wani lokacin jirgi yana kwana biyu bai ga tudu ba. Kafin tafiya ka yi magana da likitanka kan ko zaka riƙe abin gwajin maleriya da maganinta, kuma ko kana riƙe da su in zazzaɓi ya zo ka je asibitin jirgi.

Sai babban kuskuren, wato ɓoyewa. Layi biyu sun fito, mutum ya naɗe a tishu ya jefa a kwandon shara ya yi shiru, saboda ya kashe kuɗi masu yawa kuma baya so a killace shi a ɗaki. Na fahimci zafin abin, dala ba sauƙi, amma ɗan uwa ka dubi su waye a jirgin, tsofaffi ne da yawa, masu ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya, ga ma'aikatan da ke gyara maka ɗaki waɗanda watanni suke yi a teku suna nema wa iyalansu abinci, in sun kwanta ba mai yi musu aikin. Haƙƙin mutane ne. Kuma kai kanka kake cuta, domin magungunan da ke rage tsananin ciwon suna da lokaci, Paxlovid na korona cikin kwana biyar da fara alamomi ake fara shi, Tamiflu na infuluwenza kuma ya fi aiki cikin awa 48 na farko, in ka ɓoye kwana uku huɗu ka ƙone damar. Abin da ya dace ka zauna a ɗaki, ka ɗaga wayar ɗakin ka kira asibitin jirgi, kada ka taka ka bi ta lif ka je da kanka, su zasu gaya maka yadda za a yi, abinci kuma har ƙofa ake kawowa. Ka riƙe takunkumin fuska ko guda biyar a jakar saboda irin wannan ranar, da ma'aunin zafin jiki, musamman in da yara.

Maganar kuɗi ma a sani, asibitin jirgi ba kyauta bane, ganin likita da gwaji da magani duk a kan asusun ɗakinka ake ɗorawa, kuma inshorar lafiyar da kake da ita a gida yawanci bata bin ka cikin teku. Shi ya sa ake sayen inshorar tafiya, kuma a duba a tabbata ta ƙunshi jirgin ruwa. A nan ne wasu ke sake faɗawa rami, suna zaton hoton faifan gwaji a waya ya isa hujja. Kamfanonin inshora yawanci takardar likita suke nema mai sunanka da kwanan wata, faifan da ba suna a jiki kowa na iya ɗaukar hotonsa. Haka ma a da, lokacin da ake tilasta gwaji kafin shiga, na gida da mutum ya yi shi kaɗai yawanci ba a karɓa, sai wanda ma'aikacin lafiya ya kalla ta bidiyo ko aka yi a wurin gwaji. Saboda haka naka na gida don kai ka sani ne, in ya nuna ka kamu ka bari likitan jirgi ya tabbatar ya rubuta, ka karɓi takardar da rasit ɗin duk abin da ka biya kafin ranar sauka, bayan an sauka nemansu wahala ne. Dokoki kuma suna canzawa, kowane kamfani da kowace ƙasa da nata, mako ɗaya kafin tafiya ka buɗe shafin kamfanin jirginka ka karanta da kanka.

In ka gama gwaji ka zuba tsinken da kwalbar da faifan a leda ka ɗaure bakin sannan ka sa a shara, kada ka jefa a masai domin bututun jirgi siriri ne yana toshewa, ka wanke hannu. Ka kuma rage ko guda biyu na dawowa, da yawa sai sun iso gida da kwana biyu uku alamun ke fitowa, daidai lokacin da ake zuwa yi musu sannu da zuwa kuma suke zuwa gaida su Hajiya da tsaraba. In ka ji maƙogwaro ko jiki ya yi nauyi ka gwada tukunna, tsarabar a aika da ita.