Kurakuran da na gaji da gani wajen haɗa injinan masana'anta da ERP

Masu sayar da na'urori waƙarsu ɗaya ce: a liƙa wa kowane inji sensa, wato 'yar na'urar da ke auna abu kamar zafi ko girgiza, a haɗa da manhajar tafiyar da kamfani, wato ERP, shi ke nan sito ya san abin da ya rage, injiniya ya ji ciwon inji tun bai kwanta ba. Ba ƙarya suke yi ba, abin yana aiki. Sai dai kurakurai iri ɗaya sabbin shiga ke ta maimaitawa, har bakina ya gaji.

Da yawa suna farawa da ɗura wa ERP ɗanyen bayani. Sensa ɗaya mai auna zafi, in tana turo lamba kowace daƙiƙa, lamba 86,400 ke nan a rana. Manhajojin ERP irin su SAP da Odoo da Dynamics ba don wannan aka gina su ba, aikinsu oda da kaya da kuɗi. Shi ya sa tsarin ISA-95, ƙa'idar da ta kasa na'urori da manhajojin masana'anta mataki-mataki, ya ajiye ERP a mataki na 4, manhajar tafiyar da aikin sarrafa kaya kuma a mataki na 3. Ni ƙaramar kwamfuta nake sawa kusa da injin, ta tace komai, ta aika abin da ya shafi littafin lissafi kawai: an gama oda, inji ya tsaya, zafi ya wuce iyaka.

Wanda ya fi cin raina shi ne a bar na'urar ƙirga ta rubuta cikin lissafin kaya kai tsaye, ba mai dubawa. Na sha wuyarsa a wata masana'antar cika kwalabe da aka kira ni gyara. An kafa idon lantarki a kan bel, duk kwalbar da ta gifta ya ƙirga, ERP kuma ta cire murfi ɗaya da takardar manna ɗaya daga sito, ta ƙara kwalba ɗaya cikin kayan sayarwa. A takarda abin gwanin sha'awa. To amma an sa idon ne kafin wurin da ake ware marasa kyau. Kwalbar da murfinta ya karkace, ma'aikaci ya ɗauke, ya gyara, ya mayar farkon bel, ido ya sake ƙirga ta. Wadda ta fashe ma tana cikin kayan sayarwa. Manhaja ta nuna kaya sun cika sito, masu talla suka yi wa 'yan kasuwa alkawari, motoci suka zo lodi aka rasa abin zubawa. Kafin a gano bakin zaren an zargi mai kula da sito da sata, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Ni kuwa na kwana ina bin lambobi layi-layi.

Don Allah ku daina ɗauka cewa tunda na'ura ce ta faɗa, magana ta ƙare! Ido bai san mai kyau da marar kyau ba, inuwa kawai yake gani. Ka sa shi bayan wurin tantancewa, ka sa wani daban a kan kwandon marasa kyau. Al'adata kuma ita ce, a watan farko na'ura ta rubuta, shugaban masu aiki ya ƙirga da hannu in an tashi, sai lambobin biyu sun yi daidai kwana da kwanaki sannan in sakar mata hanya. Wasu na cewa ɓata lokaci ne. Su suka sani.

Sai tsaro, wanda ake bari sai an ji jiki. Modbus, yaren da tsofaffin injina da dama ke magana da shi, tun 1979 yake, ba ya tambayar kowa kalmar sirri. Ka ɗora shi a kan layi ɗaya da kwamfutocin ofis da ake buɗe imel, ka buɗe wa ɓarawo ƙofa da hannunka. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta mamaye na'urori masu ɗimbin yawa ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga kamfani. A 2019 masu garkuwa da bayanai suka auka wa Norsk Hydro, kamfanin sanholo na ƙasar Norway, sai da wasu sassansa suka koma aiki da hannu. Ka raba layin injina da na ofis, ka canza kalmar sirri ranar da aka kafa na'ura, in injin yana jin OPC UA, yaren injina na zamani mai tsaro a jikinsa, ka kunna tsaron.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Agogon na'urori ya zama ɗaya, in ba haka ba aikin masu dare ya faɗa lissafin masu safe. Sikeli na aunawa da kilo, manhaja na jiran tan, duba wannan tun farko. Sunan inji a ERP ya zama shi ne a jikin sensa, harafi da harafi. Na'ura ta iya riƙe bayani in intanet ta ɗauke, ta turo in ta dawo. Sikeli da ma'aunin zafi suna kaucewa a hankali, a sa ranar daidaita su cikin jadawalin gyara.

Sensar da ke jin girgizar boris kuma, kada gargaɗinta ya tsaya a allon manaja. Ya buɗe takardar aikin gyara a ERP, da sunan makaniken da zai je, ya duba ko akwai sabon boris ɗin a sito.