Tsarki a bakin mudu: yadda mai bi za ta riƙe kasuwarta

Hatsi nake sayarwa, masara da dawa da wake, a wata kasuwa ta kudancin Kaduna, kuma ina cikin Zumuntar Mata ta ikilisiyarmu. Ban yi makarantar Littafi Mai Tsarki ba. Abin da zan faɗa na mata 'yan'uwana ne masu zaman rumfa, amma in namiji ya tsinci abin amfani a ciki, ya ɗauka.

Idan aka yi wa'azin zaman tsarki, yawancinmu hankalinmu kan tafi ga ɗaurin kallabi, da tsawon zane, da barin burkutu. Ban raina waɗannan ba. Sai dai ayar da ake yawan karanta mana, 1 Bitrus 1:16, inda Allah ya ce mu zama tsarkaka domin shi mai tsarki ne, daga Littafin Firistoci Bitrus ya ɗauko ta. Ki buɗe sura 19 ta wannan littafi, ki karanta ayoyinta 37 a zama ɗaya. Bayan an ce ku zama tsarkaka a aya ta 2, za ki tarar da maganar gona, da ladan ɗan ƙwadago, da tsegumi, da tashi wa mai furfura, da baƙo, da ma'auni. Kusan duk abin da ke cikinta yana wucewa ta gaban rumfata kafin la'asar. Saboda haka daga nan nake ba da shawara a fara: ki karanta surar da asuba kafin ki fita, ki ɗauki aya ɗaya tak, ki riƙe ta har ki tashi kasuwa. Gobe ki ɗauki wata.

Mu fara da mudu, tun da shi ne abokin aikinmu. Ba wadda ba ta san dabarar ba. Akwai mudun saye, mai faɗin baki, wanda ake shiga da shi ƙauye lokacin kaka. Akwai kuma mudun sayarwa, wanda aka kifa aka bubbuga gindinsa da taɓarya har ya lotsa ciki, ko aka ɗan rage bakinsa wurin maƙeri. Daga nesa duk ɗaya suke. Maimaitawar Shari'a 25:13-16 ta hana ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, a jaka ko a gida, har ta kira hakan abin ƙyama ga Ubangiji. Ki lura, ajiyewar ma an hana, ba sai an auna ba. To, ki fito da mudunki duka, ki gwada su da juna da masara busasshiya a gaban wata 'yar'uwa da kika amince da ita. Wanda ya gaza, kada ki ba yarinyarki ta yi talla da shi, kada ki sayar wa wata. Ki mai da shi kwanon ba kaji ruwa.

Bayan mudu akwai hannu. Ana iya auna wa mutum da mudun gaskiya a cuce shi: a cika ya yi tozo a gaban idonsa, wajen juyewa cikin leda a karkata hannu, kaɗan ya koma buhu. Ki saba wa kanki juyewa a hankali, a fili, ledar tana hannun mai saye. Gyara kuma ki ba da ita in kin ga dama, ki hana in ba hali, amma kada ki rage a awo don ki mayar da sunan gyara.

Sai abin da ke cikin buhun. Annabi Amos, a sura 8, ya yi kuka da 'yan kasuwar da ke ƙosawa Asabar ta wuce su koma ciniki, suna rage mudu, suna sayar da har sharar alkama. Tamu sharar ita ce tsohuwar masara mai ƙwari a ƙasan buhu, sabuwa fara tas a bakinsa, da tsakuwa da ƙaiƙayi da ake bari a dawa don ta yi auki. Hanyar fita ba wuya: ki raba kaya gida biyu, kowanne da kuɗinsa. Tsohuwar masara tana da masu nemanta, masu kaji da masu aladu, kuma za su dawo miki in sun san ba ki ɓoye musu komai.

Maganar wake ta fi wannan nauyi, domin rai ne a ciki. Wake ba ya jimre ƙwari, shi ya sa wasu ke yayyafa masa maganin feshi na gona ko na sauro, su ɗaure buhu, su fito da shi kasuwa. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta sha gargaɗi a kan haka. Waken nan yara ne za su ci shi a ƙosai da alale. Akwai buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Ki shanya wake ya bushe ƙarau, ki zuba, ki matse iska, ki ɗaure kowace leda daban, ƙwarin su mutu don rashin iska ba tare da ɗigon magani ba. Jarka ko durom mai murfin da ke toshewa sosai ma suna yin aikin. Buhun ya fi na kullum tsada, gaskiya ne, amma ana sake amfani da shi muddin bai huje ba. Ni a ganina wadda ta zuba guba a abincin mutane ba ta da bakin yin waƙa a gaban ikilisiya ranar Lahadi, kome zaƙin muryarta.

Ajiyar hatsi kuwa, a nan na saba da wasu masu wa'azi. Sukan kawo Karin Magana 11:26, cewa mai ɓoye hatsi jama'a za su la'ance shi, su ce duk mai saye da kaka ta sayar da damina ta yi zunubi. Ban yarda ba. Yusufu ya tara hatsi a Masar, da shi aka ceci rayuka. In ba mai ajiya, me za a ci a watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sabo bai nuna ba? Abin dubawa shi ne lokacin buɗe sito. In kin ga kuɗi ya kai inda kin fitar da uwar kuɗinki, da na sito, da riba mai kyau, ga kuma maƙwabta suna kwana da yunwa, amma kina jiran ya ƙara hawa, to ayar da ke take magana.

Baki shi ne wuri mafi wuya. Ciniki ba ƙarya ba ne. Ki sa kuɗi, a taya, ki ce albarka, a ƙara, ki sallama. Kowa ya san tsarin, ba wanda aka ruɗa. Ƙaryar tana shigowa daidai lokacin da kika ce "Allah ya sani ko uwar kuɗi ban mayar ba", alhali kin san ribar da ke ciki. Yesu ya ce a Matiyu 5:37 i ɗinmu ya zama i, a'a kuma a'a, Yakubu 5:12 ya maimaita. Ki daina faɗin nawa kika saro gaba ɗaya, ba wanda ya tilasta miki. "Haka nake sayarwa, Baba" ta isa. Da farko bakinki zai yi miki nauyi, don rantsuwa ta zama mana kamar gishirin miya, amma masu saye suna ganewa da wuri, har su riƙa aiko yara ba tare da sun zo da kansu ba.

Tsegumi kuma ya samu sabon gida a waya. Firistoci 19:16 ta hana yawo da baza magana a cikin jama'a, yanzu kuwa ba sai an yi yawo ba, ana zaune a kan buhu ake tura saƙon murya a WhatsApp. Mafi muni shi ne wanda ake naɗewa da addu'a: "Mu sa Maman wance a addu'a, kin ji abin da mijinta ya yi?" In abin ya dame ki da gaske, ki yi addu'ar ke kaɗai, ko ki je wurinta, ke da ita, yadda Matiyu 18:15 ya nuna. Saƙon da ke zuga gaba tsakanin Kirista da Musulmi, wanda ba ki san tushensa ba, ki goge shi a wayarki. Mu mutanen wannan yanki mun ga abin da jita-jita ke haifarwa. Mai rumfar da ke kusa da tawa Musulmi ne. Idan ya tafi Juma'a ni ke duba masa kaya, in sayar in ajiye masa kuɗinsa cif, shi ma haka in an kira ni gida.

Kada ki bar ɗan dako ya kwana ba ladansa. Firistoci 19:13 ta faɗa ƙarara, kada ladan ɗan ƙwadago ya kwana wurinki har safe. Yaron da ya sauke miki buhu goma daga mota, da wannan kuɗin zai ci tuwon dare. Ku yi jinga kafin ya ɗora buhu a ka, ki ware kuɗinsa a gefen zane tun da safe, kada ki ce masa "ba canji, dawo gobe". Haka yarinyar da ke taya ki a rumfa ko a gida, ko da 'yar dangi ce aka kawo miki daga ƙauye. Ta ci abin da 'ya'yanki suka ci, ta je makaranta.

Akwai kuma kala. A Firistoci 19:9-10 an umarci manomi kada ya girbe gonarsa har gefe, ya bar wa matalauci da baƙo, kuma da irin wannan kalar Rut ta ciyar da surukarta Na'omi a gonar Bo'aza. Kalar mai rumfa ita ce hatsin da ke zuba ƙasa wajen awo. Tsofaffin mata kan zo da yamma da tsintsiya da ɗan kwano. Ki bar musu, kada ki sa yara su share su mayar buhu. In kin san gwauruwar da ba ta iya zuwa, ki aika mata da mudu ɗaya a rufe, ba tare da an sanar a taron zumunta ba.

Kada wata ta ɗauka da mudun gaskiya ake sayen ceto. Afisawa 2:8-10 ta ce ta wurin alheri aka cece mu, sa'an nan aka sa mu ga kyawawan ayyuka. Za ki yi tuntuɓe, musamman ranar da kasuwa ta yi sanyi ga kuɗin makaranta yana jira. In hakan ta faru, ki furta wa Allah a daren, sa'an nan ki yi abin da Zakka ya yi a Luka 19, wato ki mayar. In kin san mutumin, ki auna abin da kika rage masa ki ba shi, ki ce "ragowar awonka ne na rannan", ba sai kin yi dogon jawabi ba. In baƙo ne da ba za ki sake gani ba, ki fitar da kwatankwacinsa ki kai wa mabukaci.

Ranar Asabar da yamma, bayan kin ƙirga ciniki, ki buɗe littafin bashi ta fuska biyu: waɗanda kike bi, da waɗanda ke bin ki. Zubin adashe da kika jinkirta, kuɗin manomin da ya ba ki kaya a kan amana, ladan mai niƙa, ki biya abin da za ki iya. Wanda ba za ki iya ba, ki kira mai shi ki faɗa masa ranar da za ki kawo, kada ki bari sai ya zo nema. Idan kuwa washegari akwai Jibin Ubangiji, kuma kin san kun yi cacar baki da wata a kan mai saye, ki biya ta gidanta a daren, ko ki tare ta a ƙofar majami'a kafin a fara sujada.