Mariƙin bindigar kaboyi: yadda za ka bambance su kafin ka ɗauki gizago

Ni masassaƙi ne a Maradi, kuma cikin ayyukan da ke zo mini akwai bindigogin katako na ƴan wasan kwaikwayo. Kusan kowa "irin ta kaboyi" yake cewa, ya miƙo mini hoto a waya. To, irin ta kaboyi ba ɗaya ba ce. Hanci (bututun da harsashi ke fita) da gangar harsashi duk kusan kamarsu ɗaya, a mariƙi ake rabuwa. Kuma in ba ka san abin da ya sa aka lanƙwasa kowane yadda yake ba, abin da za ka sassaƙa zai fito kamar na wasan yara.

Fara da sanin yadda bindigar ke aiki. Wannan libarba (ƙaramar bindiga mai ganga mai juyawa) ba ta tashi sai an ɗana gudumar baya, wato ƙarfen da ke bugun harsashi, da babban yatsa, kowane harbi da ɗanawarsa. Saboda haka mai ƙera mariƙi abu biyu ke gabansa: yatsa ya kai ga guduma ba wahala, sannan ina bugun baya zai sauka a hannu. Riƙe waɗannan biyu, sauran duk za ka gane da ido.

Mariƙi na farko shi ne na bindigar kamfanin Colt mai suna Single Action Army ta 1873, wanda ya gaji siffarsa daga Colt Navy ta 1851. Ƴan Amurka na ce masa mariƙin garma, kuma duk wanda ya taɓa bin garmar shanu zai ga dalili: baya ya gangaro a lanƙwashe, ƙasa ta buɗe ta yi faɗi. Gajere ne. Mai babban hannu ba ya samun wurin ƙaramin yatsa, sai ya naɗe shi a ƙarƙashin gindi. Kada ka ce za ka gyara ka ƙara tsawo, da gangan hannu ke zama haka. In an yi harbi mariƙin na zamewa cikin tafi, hanci ya ɗaga sama, guduma ta iso daidai babban yatsa, a sake ɗanawa. Shi ya sa nake goge nawa sumul, ba na yi masa zane mai kaushi. In hoton da aka kawo maka Colt Army ta 1860 ce, nan kam ƙara tsawo kaɗan, nata ya fi.

Na biyu Bisley, wanda Colt ya fitar a 1894 don masu gasar saiti, da sunan wani filin harbi a Ingila. A nan masassaƙa suka fi ɓata aiki. Bayansa yana yin doro sama kusa da guduma, sannan ya sauko kusan tsaye ya lanƙwaso ciki ta ƙasa. Kunnen guduma ya sauko ya yi faɗi, kunama ma ta yi faɗi. In ka sassaƙa mariƙin Bisley ka bar guduma a tsaye irin ta 1873, ka haɗa abin da ba ya haɗuwa. Akwai kuma Bisley na kamfanin Ruger da ya fito a shekarun 1980. Suna ɗaya ne, amma bai kai na Colt lanƙwasa ba, ya fi shi cika hannu, kuma ya ɗauko kama daga bindigar Elmer Keith, wani Ba'amurke masanin bindigogi, da ake kira Lamba 5. Yatsu duka na samun wuri, bugu kuma ya tafi kai tsaye cikin tafi maimakon ya juya. Masu harba manyan harsasai da yawa shi suke zaɓa. A katako ma, shi ne ɗan wasa ya fi saurin sabawa da shi.

Super Blackhawk ta Ruger kuwa, ta 1959, mai cin babban harsashi .44 Magnum, a wajen zoben kunama za ka gane ta: bayan zoben kusurwa gare shi, ba zagaye ba. Mariƙin dogo ne. Masu harbi na kukan kusurwar na dukan gaɓar yatsan tsakiya, amma a hoto kyau gare ta.

Sai kan tsuntsu, mai gindi zagaye da ɗan baki ta gaba. An san shi a jikin Colt ta 1877, wadda ma ba irin mai ɗanawa kowane harbi ba ce, daga baya ne aka yawaita sa shi a irin ta kaboyi. Yana ɓuya cikin riga, amma hannu ba ya samun abin kamawa sosai. Na fi sa shi ga mai gajeren hanci.

Wajen aiki, kada ka fara da itace. Zana layin baya a kwali, daga guduma zuwa gindi, ka yanke, ka ba wanda zai riƙe ya damƙa. Dubi inda ƙaramin yatsansa ya tsaya da ko babban yatsa ya kai kunnen guduma. Sai ka ɗora kwalin a katako. Ni maɗaci nake so, yana karɓar magagari kuma yana yin ja in ya sha mai. Ƙirya ta fi ƙarfi amma tana cin kaifi. Bi da tsawon jijiyar itacen daga sama zuwa gindi, in ka gicciye ta wuyan mariƙin zai karye a faɗuwar farko. Bar wuya siriri, gindi da kauri, musamman a na 1873.

Da yanayin tsaro a hanyar Madarunfa da Gidan Runji, ba na barin aikina ya fita baƙi ƙirin kamar na gaske. Ina shafa jan fenti a bakin hanci, in ce wa masu wasa su sanar da jami'an tsaro kafin su fita ɗaukar hoto a waje, su kuma ɗauke ta cikin jaka.