Rahoton Mai Sayarwa: Inda Masu Sayen Gida a Amurka Suke Tafka Kuskure

A Amurka, kafin a kammala cinikin gida, mai saye yakan ɗauko ƙwararren mai duba gini ya bi gidan lungu da saƙo, ya rubuta abin da ya gani. To amma wasu masu sayarwa sukan riga ka. Tun kafin su sa gidan a kasuwa sun kira nasu mai duban, sai dillali ya miƙo maka rahoto mai kauri, da hotuna da kan sarki, ya ce ga shi an hutar da kai. A wasu wurare, kamar yankin San Francisco, wannan ya zama ruwan dare. 'Yan uwanmu da suka yi shekaru suna tara kuɗi a New York ko Houston, idan suka ga za su tsira da dala ɗari huɗu ko biyar, sai su karɓa hannu bibbiyu. Daga nan ake fara cinikin biri a sama.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar rahoton kamar naka. Wanda ya biya mai duban, shi ya sa hannu a yarjejeniya da shi, kuma galibin irin waɗannan yarjejeniyoyi suna faɗa ƙarara cewa rahoton na wanda ya biya ne shi kaɗai. Idan ka tare da wata uku rufi ya fara yoyo, ka kira mai duban, abin da zai fara tambayarka shi ne ina sunanka a takardarsa. Ko shi wanda ya biya ɗin, sau da yawa an rubuta cewa diyyar da zai iya nema ba za ta wuce kuɗin aikin ba. Ba wai mai duban maƙaryaci ba ne, yawancinsu suna tsoron ɓata sunansu. Amma mai sayarwa ne ya zaɓe shi, shi ya tsaya kusa da shi ranar, shi ya ji bayanin baki wanda ba ya shiga takarda. Gyaran abin mai sauƙi ne: ka ɗauki naka mai duban, da sunanka, ka miƙa masa rahoton mai gidan tun kafin ya zo, ya bi duk inda aka ambata ya tabbatar da idonsa. A nan ne rahoton yake da amfani na gaske, domin yana nuna inda za a fara tono. Ka kuma bincika lasisinsa idan jihar tana bayarwa. Texas da New York suna ba masu duba gida lasisi, Kalifoniya kuwa ba ta bayarwa, don haka a can sai a duba ko yana cikin ƙungiyar masu duba gida irin ASHI ko InterNACHI.

Wanda ya zauna a Scotland zai iya cewa ai a can rahoton mai sayarwa ake bi. Haka ne, tun Disambar 2008 doka ta wajabta wa mai sayarwa ya kawo shi, kuma an tsara shi yadda mai saye zai iya dogara da shi. Amurka ba ta da wannan tsarin.

Sai kuma rashin duba kwanan wata. Rahoto hoton rana ɗaya ne. Idan a watan Janairu aka duba gida a Minnesota, ƙanƙara ta lulluɓe rufin, mai duban bai ga komai a kansa ba, kuma bai kunna na'urar sanyaya gida ba, domin kunna ta cikin tsananin sanyi na iya lalata ta. Idan kuwa lokacin rani aka duba, ɗakin ƙarƙashin ƙasa zai bushe ƙayau, alhali da an yi ruwa mai ƙarfi yake cika. Duk wannan yakan kasance a rubuce, a wani sashe da mutane ke tsallakewa, inda mai duban ya jera abin da bai samu damar gani ba: ƙofar hawa saman silin a kulle, akwatuna sun tare bango, an yanke gas. Ni a ganina wannan sashen ya fi duk hotunan muhimmanci, kuma da shi ya kamata a fara karatu. Bangon da aka jingina wa kaya ranar dubawa, shi za ka ce a kwashe maka ka gani.

Akwai kuma masu zaton rahoton ya ƙunshi komai. Duban da aka saba yi na ido ne, ba a fasa bango, ba a haƙa ƙasa. Bututun da ke kai ƙazantar gida zuwa babban layin titi ba ya ciki, sai an kira mai zura kyamara, kuma a tsofaffin unguwanni saiwar itatuwa ke shiga ta farfasa shi, gyaransa kuma na mai gida ne, yakan ci dubban daloli. Gara tana da nata mai duban daban. Iskar radon, wadda ba a gani ba a jin warinta, ita ce ta biyu bayan taba sigari wajen haddasa sankarar huhu a Amurka; gwajinta yana ɗaukar aƙalla awa 48, kuma hukumar kare muhalli ta ƙasar ta ce a ɗauki mataki idan awon ya kai 4 a ma'aunin radon (pCi/L). Gidan da aka gina kafin 1978 kuwa ana tsoron fenti mai dalma a cikinsa, wanda ke cutar da ƙwaƙwalwar yara, kuma dokar tarayya ta ba mai saye kwana 10 ya gwada. Mai ƙananan yara kada ya yafe wannan haƙƙin don kunyar dillali.

Shekarar ginin ma tana gaya maka abin da za ka tambaya: wayar lantarki ta alminiyom a gidajen tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1970, akwatin wuta samfurin Federal Pacific, da wani bututun ruwa na roba mai launin toka da aka yi yayinsa daga 1978 zuwa tsakiyar shekarun 1990. Wasu kamfanonin inshora suna ƙin gida saboda waɗannan, kuma babu inshora babu bashin banki.

Kalmar "an gyara" ita ma tana cin mutane. Mai gida zai nuna maka matsala goma a rahoto ya ce duk ya magance su. Nemi rasit, da sunan wanda ya yi aikin, da izinin hukumar gari idan aikin wuta ne ko famfo ko ƙarin ɗaki. Sabon fenti a kusurwa ɗaya ta silin kaɗai abin tambaya ne.

Kada kuma a rikita mai duba gini da mai ƙiyasta farashi. Wanda banki ya turo, ko kamfanin da ke ba da kuɗin gida bisa tsarin Musulunci, darajar gidan ya zo aunawa don kare kuɗinsu.

Mafi tsada a cikin kurakuran shi ne cire sharaɗin dubawa daga takardar tayi. Wannan sharaɗin ne ke ba ka 'yan kwanaki, galibi mako ɗaya zuwa kwana goma, ka duba, ka nemi ragi ko gyara, ko ka janye a mayar maka da kuɗin kafin alƙalaminka. A 2021, da gidaje suka yi wuya ana rububinsu, masu saye da yawa sun yafe shi don tayinsu ya fi na wasu, kuma rahoton mai sayarwa shi ne abin da ake lallashinsu da shi. Idan gasa ta yi zafi, akwai hanyar tsakiya: ka rage kwanakin zuwa uku ko biyar, ko ka kawo mai dubanka tun kafin ka yi tayi, ko ka rubuta cewa ba za ka nemi gyaran ƙananan abubuwa ba amma kana da ikon janyewa idan aka sami babbar matsala a harsashi ko rufi ko wuta. Ranar dubawar kuma ka je da kanka, ka bi shi awa biyu ko uku da zai yi, ka sa ya nuna maka inda ake rufe ruwa da gas. Mai gidan da ya ce rahotonsa ya wadatar, ba zai bari wani ya sake shiga ba, ka nemi dillalinka ya karɓo maka dalilinsa a rubuce kafin ka biya ko sisi.