Yadda za ka kalli The Last of Us ko ba ka taɓa buga gem ɗin ba

Ba sai ka buga gem ɗin da kamfanin Naughty Dog ya fitar a 2013 ba kafin ka gane labarin, kawai ka fara daga sizin 1 na shirin a tashar HBO wanda ya fito a 2023, kashi 9 ne. Ka nutsu sosai a kashin farko don a nan ake nuna yadda cutar cordyceps ta ɓarke a 2003, sai labarin ya yi tsallen shekara 20 inda wani mutum mai suna Joel zai rako wata yarinya mai suna Ellie ya keta Amurka da ita saboda cutar ba ta kama ta. Kashi na 3 yana tafiya a hankali amma don Allah kar ka tsallake. Kuma kar ka kuskura ka yi sachin sunan Joel a intanet kafin ka shiga sizin 2, wallahi za su ɓata maka komai.